Agaji Ba Ya Tambayar Laifi: Darasi Kan Jinƙan Kirista a Lokacin Bala'i

Karatu kafin darasi: Luka 13:1-5, Luka 10:25-37, Ezekiyel 16:49-50, Matiyu 25:31-46.

GABATARWA

Duk sa'ad da labarin bala'i ya iso mu, ko ambaliya ce, ko gobara, ko girgizar ƙasa a wata ƙasa mai nisa, Ekklesiya takan kira mu ga baiko na musamman, mu kuwa mukan amsa. Mai albashi ya kawo kuɗi, manomi ya kawo tiyar masara, uwa ta fito da zanen da take ji da shi. Wannan hali gadonmu ne tun daga manzanni, gama Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna yadda masu bi na Antakiya suka tara gudummawa a lokacin yunwa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu.

Amma tara kaya rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne rabo, a wurin rabo kuwa ake gane zuciyar mai bayarwa. Darasin wannan wata yana duban waɗansu mutane da sau da yawa akan tsallake su a layin agaji, wani lokaci har a ɗora musu laifin bala'in. Su ne maza da mata masu sha'awar jinsinsu, waɗanda a bakin jama'a ake kira 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo. Magana ce mai nauyin faɗa, amma da yake Katekizim na Ekklesiya Katolika bai yi shiru a kanta ba, mu ma bai kamata mu yi shiru ba. Tambayar da ke gabanmu ɗaya ce: in mutum yana jin yunwa, ba shi da wurin sa haƙarƙarinsa, akwai wani abu a rayuwarsa da zai ba Kirista izinin janye hannu?

1. ABIN DA YA FARU A HAITI

Haiti ƙasa ce a yankin Karibiyan. Mutanenta jikokin 'yan Afirka ne da aka kai bauta, waɗanda suka ƙwaci 'yancinsu daga Faransa a 1804, da yawa daga cikinsu kuwa 'yan Katolika ne. Ranar Talata, 12 ga Janairu 2010, dab da ƙarfe biyar na yamma, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.0 ta auku kimanin kilomita 25 daga babban birnin ƙasar, Port-au-Prince. Fadar shugaban ƙasa ta rushe, babbar majami'ar birnin ta zube, Akbishop Joseph Serge Miot kuma yana cikin waɗanda suka rasu. Alƙaluman gwamnati sun nuna mutum fiye da 200,000 ne suka mutu, wajen mutum miliyan ɗaya da rabi kuma suka koma zama cikin tantuna.

Duniya ta kawo gudummawa mai yawa, amma a makonnin farko rabon abinci ya zama kokawa, mai ƙarfi ya ture marar ƙarfi. Saboda haka a ƙarshen Janairu Hukumar Samar da Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da sabon tsari: aka keɓe wurare 16 a birnin, aka raba katin karɓar abinci, aka ce mata ne za su shiga layi, kowace ta karɓi buhun shinkafa mai nauyin kilo 25. Dalilin mai kyau ne, domin an lura cewa abincin da ya shiga hannun uwa ya fi saurin kaiwa bakin yara. Sai dai tsarin ya ɗauka cewa a kowane gida akwai mace. Gidan da ba mace ya shiga wahala.

Akwai wata ƙungiya ta Haiti mai suna SEROvie, wadda take aikin yaƙi da cutar ƙanjamau a tsakanin masu sha'awar jinsinsu. Ofishinta ya rushe ranar girgizar, mutum 14 da suke taro a ciki suka mutu. A 2011 ƙungiyar, tare da wata ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta Amurka, ta fitar da rahoto kan abin da ya sami waɗanda suka tsira. Da yawa daga cikinsu danginsu sun riga sun kore su tun kafin bala'in, don haka ba su da uwa ko 'yar'uwa da za ta tsaya musu a layi. Yunwa ta sa waɗansu maza suka sa tufafin mata domin su sami shinkafa, da aka gane su kuwa aka yi musu dūka. Bangon ɗaki da ƙofar da suke rufe asirinsu sun faɗi, a sansani kuma ba wurin ɓuya, sai zagi da barazana suka ƙaru, aka kuma yi wa waɗansu mata fyaɗe. Bugu da ƙari, rahoton ya ce an ji wa'azi a majami'u da gidajen rediyo ana cewa su ne suka jawo fushin Allah a kan ƙasar.

Daga wannan labari muna iya ganin hanyoyi biyu da wariya take shiga aikin agaji. Ta farko ta harshe ce, sa'ad da aka nuna wani da yatsa aka ce shi ne sanadi. Ta biyu ta tsari ce, sa'ad da dokar rabo ta manta da wani, ko da ba da mugun nufi ba. Akwai ta uku da za mu zo gare ta a gaba, wato sharaɗin da mai bayarwa yake ɗaura wa kyautarsa.

2. “WA YA JAWO MANA?”

In masifa ta sauka, zuciyar ɗan Adam ba ta son ta zauna ba amsa. Sai a ce ruwa ba ya tsami banza, a shiga neman mai laifi, wanda aka fi samu da sauƙi kuwa shi ne wanda dama ba shi da mai tsaya masa. Ubangijinmu Yesu Kristi ya gamu da wannan tunani fuska da fuska. A Luka sura 13 an kawo masa labarin waɗansu Galilawa da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa musu. Sau biyu ya ƙi yarda cewa matattun sun fi sauran jama'a zunubi, sau biyu kuma ya juyo da maganar kan masu sauraro, ya kira su ga tuba. Haka nan a Yohanna sura 9, da almajirai suka nemi sanin ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. Ya buɗe masa ido. Tun a Tsohon Alkawari ma, abokan Ayuba da suka nace cewa wahalarsa sakamakon ɓoyayyen zunubi ce, su ne Allah ya tsawata wa a ƙarshen littafin.

Wani zai ce, to, Saduma fa? Gaskiya ne Littafin Farawa ya nuna mugun zunubin birnin, Ekklesiya kuwa ba ta taɓa rage nauyinsa ba. Amma bari mu karanta labarin duka. Da Ibrahim ya ji hukuncin da ke zuwa, bai yi murna ba. Ya tsaya gaban Ubangiji yana roƙo, yana rage adadin masu adalci daga hamsin har zuwa goma, ko birnin ya tsira. Annabi Ezekiyel kuma, da yake lissafa laifin Saduma, ya ambaci abin ƙyamar da suka aikata, amma kafin nan ya fara da girmankai, da ƙoshi, da zaman jin daɗi ba tare da an miƙa hannu ga matalauci da mabukaci ba. Ashe wanda ya hana mai yunwa abinci da sunan ƙin zunubin Saduma, ya faɗa cikin wani zunubin na Saduma bai sani ba. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hangi na wani.

Hankalin da Allah ya ba mu ma yana goyon bayan wannan koyarwa. Makonni shida da 'yan kwanaki bayan girgizar Haiti, ranar 27 ga Fabrairu 2010, wata girgiza mai ƙarfin maki 8.8 ta auku a ƙasar Chile. Ta fi ta Haiti ƙarfi nesa ba kusa ba, amma waɗanda suka mutu kimanin 500 ne. Mutanen Chile ba su fi na Haiti tsarki ba. Bambancin shi ne Chile tana da dokar gini mai tsanani da ake bi, a Port-au-Prince kuwa talauci ya sa jama'a sun cunkushe cikin gidajen bulo marasa isasshen ƙarfe.

Haka abin yake a birnin New Orleans na Amurka, inda mahaukaciyar guguwar Katrina ta sauka ranar 29 ga Agusta 2005, ruwa ya rufe wajen kashi 80 cikin 100 na birnin, mutum fiye da 1,300 suka mutu a yankin. Waɗansu masu wa'azi suka ce hukunci ne saboda bikin shekara-shekara na masu sha'awar jinsinsu da ake shirin yi a birnin cikin kwanakin nan. Amma tsohuwar unguwar da ake bikin a kan tudu take, ruwan bai yi mata ɓarna sosai ba. Unguwannin talakawa da ke kwari, masu cike da majami'u, su ne suka nutse, kusan rabin matattun da aka tantance a jihar kuwa tsofaffi ne 'yan shekara 75 zuwa sama. Daga baya injiniyoyin sojan Amurka da suka gina katangun tare ruwa suka amsa cewa akwai kuskure a tsarin ginin. Wanda ya ɗora laifi a kan raunana yakan rufe wa masu sakaci asiri, ya kuma bar ƙofar wani bala'in a buɗe.

Mu Kiristoci ya kamata mu fi kowa tsoron wannan hali, domin a kanmu aka taɓa gwada shi. Da gobara ta cinye birnin Roma a shekara ta 64, Sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci laifin, aka karkashe su da azaba iri iri. Wajen shekara ta 197 Tartuliyan, marubucin Ekklesiya a Arewacin Afirka, ya koka cewa ko kogi ne ya yi ambaliya, ko fari aka yi, ko annoba ta ɓarke, jama'a sukan nemi a jefa Kiristoci ga zakoki. A 1348 kuma, da baƙar annoba ta mamaye Turai aka shiga kashe Yahudawa da zargin sun zuba guba a rijiyoyi, Paparoma Clement na Shida ya fitar da umarni yana kare su, yana tunatar da jama'a cewa annobar tana kashe Yahudawa kamar yadda take kashe kowa. Jikokin waɗanda aka jefa wa zakoki bai dace su zama masu neman wanda za a jefa ba.

3. ABIN DA EKKLESIYA TAKE KOYARWA

Domin kada a yi wa wannan darasi gurguwar fahimta, bari mu faɗi koyarwar Ekklesiya ɓangarenta biyu. Katekizim, wanda Waliyi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya koyar a sakin layi na 2357 zuwa 2359 cewa saduwar jiki tsakanin jinsi ɗaya ba ta dace da shirin Allah ba, gama wurin saduwa shi ne aure tsakanin namiji da mace, ya kuma kira masu wannan sha'awa ga tsabtar rai kamar yadda yake kiran kowane mai bi. A wannan wuri ɗaya kuma ya umarce mu mu karɓe su da girmamawa da tausayi da lura, mu guji kowace irin wariya ta rashin adalci a kansu. Wanda ya riƙe rabin farko ya yar da na biyu bai riƙe koyarwar Katolika ba.

Tun a 1986 ofishin kula da koyarwar bangaskiya a Vatikan, ƙarƙashin Kadinal Joseph Ratzinger wanda daga baya ya zama Paparoma Benedict na Sha Shida, ya rubuta wa bishop-bishop na duniya cewa cin mutuncin waɗannan mutane, da baki ko da hannu, abin baƙin ciki ne da ya wajaba makiyayan Ekklesiya su la'anta duk inda ya faru. A 2024 kuma, a zamanin marigayi Paparoma Francis, wannan ofishi ya fitar da takarda kan darajar ɗan Adam, inda ya yi tir da ɗaure mutane, ko azabtar da su, ko kashe su saboda wannan sha'awa kaɗai.

Tushen duka shi ne, darajar mutum daga siffar Allah da aka halicce shi a ciki take fitowa. Ba a samunta da kyakkyawan hali, ba a kuma rasa ta da mummuna. Shi ya sa a misalin Basamariye mai jinƙai ba a gaya mana kome game da mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanyar Yariko ba: ba sunansa, ba kabilarsa, ba halinsa. An tuɓe masa tufafi, ba abin da ya rage da za a gane shi da shi sai rauninsa, wannan kuwa ya ishi Basamariyen. A Matiyu sura 25 ma, inda Ubangiji ya ɗauki kansa ɗaya da mai yunwa, da baƙo, da marar lafiya, da ɗan kurkuku, bai keɓe waɗanda aka ɗaure bisa kuskure kaɗai ba. Tambayar ranar shari'a a kan mai bayarwa take.

4. SHIRU DA SHAIDA

Tarihin Ekklesiya a wannan fanni yana da abin kunya, yana kuma da abin alfahari, dukansu biyu kuwa darasi ne. Tun kafin Katrina, a birnin nan na New Orleans, ranar 24 ga Yuni 1973, an cinna wuta a wani gidan shaƙatawa da masu sha'awar jinsinsu suke taruwa, mutum 32 suka mutu. Majami'u da dama suka ƙi a yi musu addu'ar jana'iza a cikinsu, waɗansu iyalai suka ƙi zuwa karɓar gawar 'ya'yansu saboda kunya, shugabannin Ekklesiya Katolika na birnin kuma suka yi shiru. Bayan shekara 40, a 2013, Akbishop Gregory Aymond na New Orleans ya nemi gafara a fili saboda rashin tsayawa tare da matattun da iyalansu. Binne matattu da ta'azantar da masu makoki suna cikin ayyukan jinƙai da muke koya wa yara a ajin katekizim, ba a kuma rataya musu wani sharaɗi ba.

Ga ɗaya fuskar. A shekarun 1980, sa'ad da cutar ƙanjamau ta ɓarke a birnin New York, yawancin waɗanda ta fara kamawa maza ne masu sha'awar jinsinsu. Tsoro ya cika gari, har waɗansu masu aikin jana'iza suka ƙi taɓa gawarsu. A jajibirin Kirsimati na 1985 Waliyiya Teresa ta Kalkata ta buɗe gida a birnin domin masu mutuwa da cutar, ta kuma roƙi gwamnan jihar ya saki fursunoni uku da cutar ta ci ƙarfinsu domin su ƙarasa kwanakinsu a hannun masu kula. Kadinal John O'Connor, Akbishop na birnin, mutum ne da bai sassauta koyarwar Ekklesiya kan aure ba ko kaɗan, har aka yi masa zanga-zanga saboda haka. Duk da haka yakan je asibitin Katolika na St. Clare's ya zauna da marasa lafiya, ya wanke su, ya zubar musu da fo. Waɗannan bayin Allah sun nuna cewa riƙe gaskiya da yin jinƙai ba kishiyoyi ba ne.

5. SHARAƊIN MAI BAYARWA

Yanzu mun zo ga hanya ta uku. Akwai mai bi na kirki da zai yi tambaya da zuciya ɗaya: “In na ba irin wannan mutum abinci da bargo, ashe ban goyi bayan abin da yake yi ba?” Amsa ita ce, a'a. Buhun shinkafa ba takardar shaidar hali ba ce. Likitan da ya ɗinke raunin ɓarawo bai yarda da sata ba, uwar da ta ba ɗanta mai taurin kai tuwo ba ta yaba taurin kansa ba. Da a ce sai marar zunubi ne zai karɓi agaji, da ba mai karɓa, ba kuma mai rabawa. Uban da muke bauta wa yana ba mu rana da damina kowace shekara ba tare da ya jira mu gama tuba ba.

Paparoma Benedict na Sha Shida, a wasiƙarsa ta farko ga dukan Ekklesiya a 2005, ya koyar cewa aikin jinƙai na Kirista amsa ce ga bukatar da ke gabansa a take, kada kuma a mai da shi tarkon jawo mutane cikin addini ko makamin wata aƙida. Ya tuna da Sarki Juliyan na Roma, wanda ya bar bangaskiya a ƙarni na huɗu, ya yi ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, amma ya ga cewa abin da ya sa jama'a suke bin Kiristoci shi ne jinƙansu. Haka kuma a 1994 ƙungiyoyin agaji na Katolika, wato Caritas Internationalis da Catholic Relief Services, suna cikin waɗanda suka tsara ƙa'idar aikin agaji tare da ƙungiyar Red Cross, wadda ta ce bukata kaɗai ce ma'aunin rabo. Saboda haka mai ba da baiko ba shi da hurumin cewa kada kuɗinsa ya kai ga wane. Abin da aka ɗora a kan bagade ya fita daga hannunmu, ya zama na Kristi.

Wannan ƙa'ida tana yanka ta kowane gefe. A 2016 Paparoma Francis, a gargaɗinsa kan iyali, ya ce ba abin yarda ba ne hukumomin duniya su ɗaura taimakon kuɗi ga ƙasashe matalauta a kan sai sun kafa dokar auren jinsi ɗaya. Daidai ne mu ƙi a yi garkuwa da yunwarmu domin a canja mana bangaskiya. Amma in mun ƙi a yi mana haka, ta yaya za mu yi garkuwa da yunwar wani domin mu hukunta shi?

6. ABIN DA YA RAGE GARE MU

A ƙasarmu mun ga kyakkyawan misali na agajin da ba ya tambaya. A 2014, sa'ad da rikicin Boko Haram ya kori dubban mutane daga Mubi da kewaye zuwa Yola, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu harabar babbar majami'ar Waliyiya Teresa, aka ciyar da Kirista da Musulmi daga tukunya ɗaya. A 2021 Dayosis ɗin ya buɗe gidaje 86 domin waɗanda ba su iya komawa garuruwansu ba, da majami'a, da masallaci. In mun iya tsallake iyakar addini a tsakiyar rikici, za mu iya tsallake wannan ma.

Sai dai wanda muke magana a kansa ba zai zo ya bayyana kansa ba. Dokar da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, tsoron jama'a kuma ya fi tsoron doka. Dokar tana magana ne a kan aure, da ƙungiyoyi, da nuna soyayya a fili. Ba ta ce a hana mai yunwa abinci ba. Mu kuma tuna cewa sau da yawa ba hujja a hannun kowa sai jita-jita: yadda saurayi yake tafiya, ko muryarsa, ko sana'ar dafa abinci da ta sa ake ce masa ɗan daudu, ko daɗewar mace ba aure. Mutane nawa ne aka ɓata wa suna a banza! Saboda haka muna ba kwamitocin agaji na majami'unmu, da Zumuntar Mata Katolika, da ƙungiyoyin matasa wannan shawara:

(a) A ƙidaya bakunan da za su ci, kada a ƙidaya takardun aure. In an ce sai maigida ko sai uwargida za ta karɓa, a tanadi wata ƙofa domin gwauro, da wanda matarsa ta rasu, da maraya, da wanda dangi suka kora. Darasin Haiti ke nan.

(b) Kada a yi wa mai neman taimako tambayar da ba ta shafi bukatarsa ba. Sunan da aka rubuta a littafin rabo amana ce, ba abin hira ba ne.

(c) Kada rubuta sunaye ya zama a hannun mutum ɗaya, domin mai riƙe da biro yana iya share wanda ba ya so ba wanda ya sani. A kuma sa wani dattijo ko dattijuwa mai riƙon asiri da wanda aka tsallake zai iya kai wa kuka.

(d) A lura da wurin kwana, da makewayi, da wurin wanka, a sa fitila da masu gadi. In an ga ana tsangwamar wani, a raba shi da masu tsangwamarsa, kada a kore shi a ce don a zauna lafiya.

(e) Firistoci, da katikis, da duk mai tsayawa gaban jama'a su kiyaye harshensu. A ranar bala'i a yi wa'azin tuba kamar yadda Ubangiji ya yi, wato kowa ya dubi kansa. Kalma ɗaya daga bagade tana iya zama sanda a hannun wani a kan titi.

(f) Iyaye kuma, in ruwa ya ci gari, ku nemi ɗanku ko 'yarku da kuka yi fushi da su. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ƙaunatattu, ba a ce mu canja abin da muka gaskata ba. An ce mu aikata shi duka. Ranar da za mu tsaya gaban Ubangiji dukanmu masu neman agaji ne, begenmu kuwa shi ne kada a duba cancantarmu kafin a ba mu.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. A Luka 13:1-5, me ya sa Yesu ya juyo da maganar daga matattu zuwa ga masu sauraro? Me wannan yake koya mana game da wa'azi a lokacin bala'i?

2. Tsarin rabon abinci a Haiti an yi shi da kyakkyawan nufi, duk da haka ya bar waɗansu a baya. Su wane ne tsarin rabo na majami'armu yake iya mantawa da su?

3. Mene ne bambanci tsakanin taimakon mutum da amincewa da halinsa? Ku kawo misali daga zaman iyali.

4. In kana cikin kwamitin agaji, wani ya ce a share sunan wane saboda abin da ake faɗa a kansa, wace amsa za ka ba shi?

ADDU'A

Ya Allah Uba mai jinƙai, kai da kake ciyar da mu ba don mun cancanta ba, ka tsare harshenmu daga zargi, ka tsare hannunmu daga zaɓe. Ka ta'azantar da dukan waɗanda bala'i ya raba da gidajensu, musamman waɗanda ba su da mai tsaya musu. Ka ba mu alherin gane fuskar Ɗanka a cikin kowane mabukaci, ka kuma kai mu duka ga tuba ta gaskiya. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.